Yadda ake sabawa da sabon damo har ya yarda a ɗauke shi

Wanda ya kawo damo gida don kiwon sha'awa, abin da ransa ke fara raya masa shi ne ya ɗauke shi, ya shafa bayansa, ya kira maƙwabta su gani. Wannan gaggawar ce ke ɓata yawancin damon da ake kawo mini a nan Legas ana kukan sun ƙi sabo. Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri saboda yadda yake lafewa ya yi tsit idan ya shiga hannu, amma shirun nan na tsoro ne, kuma damon da aka yi ta dannewa har ya daina motsi ya fid da rai ne kawai da kuɓuta. Hanyar da zan bayyana a nan ita ce ta barin damon ya zo wurinka da ƙafarsa. Tana cin makonni, wani lokaci watanni, gwargwadon shekarun dabbar da irin wuyar da ta sha kafin ta zo hannunka.

Kafin komai ka tabbatar damo ne aka sayar maka, domin a Legas, inda ruwa ya kewaye ko'ina, sau da yawa ɗan guza ake miƙa wa mutum da sunan damo. Damo gajeren kai gare shi mai faɗi, da kaurin jiki, launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigo masu haske a jere, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya da ɗan kai. Guza kuwa dogo ne siriri, baƙi da zanen rawaya, wutsiyarsa doguwa mai shafaffen gefe saboda iyo, yana kaiwa mita biyu, kuma zafin ransa ya fi ƙarfin mai koyo. Ka kuma sani cewa duk dangin damo suna cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ido a kan cinikinsu, kuma Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Saboda haka ka nemi bayani daga ma'aikatar muhalli game da izinin ajiye shi, kada ka dogara da bakin mai sayarwa.

Kayan da za ka tanada

Keji shi ne babban abu, kuma a nan mutane suka fi yin rowa. Babban damo yana buƙatar wuri mai tsawon ƙafa takwas, faɗin ƙafa huɗu, tsayin ƙafa huɗu, wanda kowane kafinta zai iya haɗa maka da katako mai kauri. Ka sa ya yi ƙofar daga gaba, domin ƙofar sama tana tilasta maka zura hannu daga bisa, kuma za ka ga illar hakan nan gaba. A zuba ƙasa mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, gauraye da yashi, wadda ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba, mai ɗan danshin da idan ka dunƙula ta a hannu za ta riƙe ba tare da ruwa ya tsiyaye ba. Damo mai haƙa rami ne, a cikinsa yake kwana kuma a cikinsa yake samun raɓar da ke hana jikinsa bushewa.

Sai maɓoya guda biyu, ɗaya a ɓangaren zafi ɗaya a ɓangaren sanyi, kuma fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka kife ko kututture mai rami sun wadatar. Sai faffaɗan dutse ko falen suminti na shan zafi, da ƙwai biyu ko uku na fitila mai zafi irin ta halojin da za a rataya a kansa, da doguwar fitilar UVB wadda ke maye gurbin hasken rana. Sai ma'aunin zafi mai kama da ƙaramar bindiga da ake nuna wa abu daga nesa, wanda ake samu wurin masu kayan lantarki a Alaba, amma ka duba ya kasance yana auna zafin dutse, domin ba kowane irin na goshi ne ke yin hakan ba. Sai kwanon ruwa mai nauyi da zai iya shiga ciki, da dogon hantsaki na miƙa abinci mai tsawon aƙalla kamu ɗaya, da safar hannu ta fata irin ta masu walda, da tsohon tawul, da sanda siririya wadda aka maƙala wa murfin kwalba mai launi a baki, da garin sinadarin kalshiyam, da sabulu.

1. Ka daidaita zafi kafin ka yi maganar sabo

Damo ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, daga waje yake ɗauka, kuma wanda bai sami isasshen zafi ba yakan yi laushi, ya kwanta a hannun mutum kamar ya saba alhali sanyi ne ya kashe masa jiki. Saman dutsen shan zafi ya kamata ya kai digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Salshiyos, kuma hasken ya mamaye tsawon jikinsa gaba ɗaya, shi ya sa ƙwai biyu ko uku marasa ƙarfi sosai suka fi ƙwai ɗaya mai tsananin ƙarfi, wanda ke ƙona wuri guda a baya. Ɗaya ɓangaren kejin ya tsaya tsakanin digiri 26 da 30. Yanayin Legas ya ɗauke maka nauyin ɗumama keji da dare, sai dai kada ka ajiye shi a ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki.

Idan unguwarku tana fama da ɗaukewar wuta kuma ba ka da sola ko inbata, ka sa kejin a bayan gida ko baranda inda hantsi ke bugun gefe ɗaya nasa ta ragar waya, ɗaya gefen kuma yana cikin inuwa a kowane lokaci. Gilashi yana tare hasken UVB, kuma akwatin gilashi a rana tanda ne, zai iya kashe dabbar cikin ɗan lokaci. Da damina ka yi masa rumfa, domin ruwan Legas idan ya jiƙe ƙasar kejin ta zama taɓo, ƙurajen ciki da ruɓar yatsu ne ke biyo baya.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi gidajen haya musamman: fiya-fiya da sauran magungunan feshi, har da maganin sauro na kunnawa, guba ne ga damo. Idan maƙwabta za su yi feshi a tsakar gida, ka janye kejin ko ka fitar da dabbar zuwa wani wuri har warin ya tafi.

2. Ka duba lafiyarsa sau ɗaya, a ranar farko

Kusan duk damon da ake samu a kasuwa daga daji aka kamo shi, don haka yakan zo da kaska da tsutsar ciki da raunin igiya. Wannan ita ce ranar da aka yarda ka riƙe shi ba da son ransa ba, saboda haka ka gama duk abin da za ka yi a zama ɗaya. Ka rufa masa tawul a kai, wani ya riƙe kafaɗu da gindin wutsiya, kai kuma ka bi hammata da matsematsi da kewayen ido da hanci da tsakanin yatsu. Kaskar damo takan yi launi ɗaya da ɓawon fatarsa, sai ka shafa da ɗan yatsa kafin ka ji tudunta. Ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a hankali a miƙe har ta saki, sannan ka shafa aidin da aka sirka da ruwa. Ka duba ƙugu da ƙafafu inda mafarauta ke ɗaure igiya, ka kuma leƙa baki ko akwai kumburi ko mugunya. Kada ka yi amfani da maganin kaska na shanu ko na karnuka. Kashinsa na farko ka sa a leda ka kai wa likitan dabbobi ya gwada, shi ne zai faɗi maganin tsutsa da adadinsa bisa nauyin dabbar.

3. Ka ƙyale shi

Mako biyu na farko, ko fiye, aikinka canza ruwa da ajiye abinci da kwashe kashi ne kawai. Kada ka taɓa shi, kada ka ɗaga maɓoyarsa, kada ka tona raminsa don ka ga ko yana da rai. Wannan ƙa'idar ta maɓoya ba ta mako biyu ba ce, ta har abada ce, domin damon da ya san akwai wurin da hannu ba ya kai masa shi ne ke samun ƙarfin halin fitowa. Idan yara sun dame shi da leƙe, ka rufe rabin gaban kejin da zane. Alamar an wuce wannan mataki ita ce ya riƙa cin abinci kullum kana ganin kwano wayam, kuma kana tarar da sawunsa a kan ƙasa.

4. Ka zama abin da ya saba gani

Yanzu sai ka riƙa zama kusa da kejin minti ashirin zuwa talatin a kowace rana, a lokacin da ya saba fitowa shan zafi. Ka zauna a ƙasa ko a kan ƙaramar kujera yadda ba za ka yi masa tsaye a ka ba, ka juya masa gefe, ka yi karatunka ko ka saurari rediyo a hankali. Da fari zai ruga rami da zarar ya hango ka. Daga baya zai tsaya a bakin rami da kai kaɗai a waje, ido ɗaya a kanka. Ranar da ya baje a kan dutse ya miƙe ƙafafun baya kana zaune, ka samu ci gaba na gaske. Wasu masu kiwo suna sa tsohuwar singileti da suka yi gumi a ciki kusa da maɓoya don ya saba da warinsu, kuma ban ga illar hakan ba muddin babu turare a jikinta.

A wannan zaman ne za ka koyi karanta shi, kuma duk abin da ya rage ya dogara ne a kan wannan karatu. Idan yana zaro harshensa mai baki biyu a hankali, dogo-dogo, yana karkata kai, bincike yake yi, domin da harshen yake ɗebo ƙamshi ya kai wata gaɓa da ke ganɗarsa. Idan ya kumbura maƙogwaro, ya cika jiki da iska, ya ɗaga kan ƙafafu ya ba ka gefe yana huci, cewa yake ka ja baya. Idan wutsiya ta lanƙwashe gefe, bulala ce ke tafe, kuma tana iya fasa fata ko ta sami ido. Wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta ita ce rufe ido: damon da ya runtse ido ya sandare sa'ad da hannu ke kansa ba daɗi yake ji ba, tsoro ne ya kai masa maƙura.

5. Abinci daga hantsaki

Damo ba ya sabo don ƙauna irin ta kare, yana sabo ne idan ya gane cewa zuwanka alheri ne kuma ba ya jawo masa wahala, kuma abinci ne hanyar koya masa hakan. A daji abincinsa gyare ne da fara da buzuzu da ƙadandoniya da kunama da dodon koɗi, kuma haƙoran baya na babban damo dakusassu ne saboda fasa katantanwa. Saboda haka ƙwari su zama jigon abincinsa. A Legas dodon koɗi ba ya wuya a kasuwanni irin su Mile 12 da Oyingbo, sai dai na masu kiwo ya fi na tsintuwa aminci saboda tsutsa, kuma ƙanana ake ba shi da ɓawonsu. Gyare da kyankyaso ka kiwata su da kanka a robar da ka huda wa murfi, da dusa da ɓawon kayan miya, domin kyankyason ɗaki bai rasa cin guba ba. Farar da ake kawowa daga arewa soyayya da gishiri da yaji ba ta dace ba. Ɓera da ƙwai da nama su zama na jefi-jefi, saboda ƙiba da kitsen hanta suna cikin abubuwan da suka fi kashe damon gida tun bai tsufa ba. Ka barbaɗa wa ƙwarin garin kalshiyam, idan babu kuma ka dafa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka shi lukui. Ƙaramin damo kullum yake ci, babba kuwa sau biyu ko uku a mako.

Ka daina ajiye abinci a kwano, ka riƙa miƙawa da hantsaki. Ka shigo da shi daga gefe, ƙasa-ƙasa, ka tsayar nesa da shi kamar taku ɗaya, ka bar ƙwaron yana motsi. Idan bai zo ba bayan 'yan mintoci, ka saki ƙwaron ka tafi, gobe ka sake. Kada ka tura masa abinci a baki ko ka bi shi da shi. Da ya fara karɓa, kowace rana ka ƙara tazarar kaɗan, ta yadda sai ya tako zuwa bakin ƙofa kafin ya samu.

Kada ka taɓa ba shi abinci da yatsu, ko da ya zama ɗan gida. Damo mai yunwa ba ya tsayawa tantance inda gyare ya ƙare da inda yatsa ya fara.

A nan sandar nan mai murfin kwalba take shigowa. Ka nuna masa murfin, da zarar ya taɓa shi da harshe ko hanci ka miƙa abinci nan take. Damo yana da kaifin ganewa fiye da yadda ake zato, ba ya daɗewa yake fahimtar cewa murfi na nufin abinci. Amfanin hakan biyu ne: za ka iya jan sa zuwa duk inda kake so ba tare da kamu ba, kuma zai gane cewa hannun da ya shigo babu murfi ba da abinci ya zo ba.

6. Hannu a cikin keji

Ka wanke hannu da sabulu don kawar da warin abinci, ka dunƙule shi, ka ajiye a kan ƙasar kejin nesa da shi, ka bar shi nan kamar dutse. Dunƙulallen hannu ya fi wuyar cizo. Idan gabanka na faɗuwa ka sa safar fata a kwanakin farko, amma ka cire ta da zarar ka samu natsuwa, domin warin fatarka ake so ya sani. Zai zo yana zaro harshe, za ka ji ƙarshensa yana taɓa bayan hannunka sau biyu ko uku da ɗan sanyi, sannan ya ɗora ƙafa ɗaya, faratansa su ɗan nutse, ya tsaya yana kallon fuskarka. Abin da ake so a wannan lokaci shi ne kada ka motsa ko kaɗan. Fizge hannu a nan yana iya rushe aikin mako guda, yana kuma jawo cizo.

Idan hakan ya zama ruwan dare, ka shimfiɗa damtsenka a bakin ƙofa, ka riƙe murfin ko abincin ta yadda sai ya hau hannun kafin ya kai gare shi. Taɓawa ta farko a yi ta a gefen jiki ko ƙarƙashin ƙirji da bayan yatsu. Ka guji kai da wuya da zuwa daga sama, saboda a tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo mai gane sauyin haske da inuwa, kuma duk abin da ya sauko daga bisa shaho ne a wurinsa.

7. Ɗagawa

Sai ya riƙa hawa hannunka da kansa ba tare da huci ba sannan za ka ɗaga shi. Tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji bayan ƙafafun gaba, ɗayan a ƙarƙashin ƙugu da gindin wutsiya, jikinsa kwance a kan damtsenka, ƙafafu huɗu duk suna da abin takawa, domin ƙafar da ke lilo a iska ita ce ke tayar masa da hankali. Tallafe shi za ka yi, kada ka matse. Ka ɗaga shi ɗan kaɗan daga ƙasa, ka ƙirga goma, ka mayar da shi tun bai nemi sauka ba. A hankali ka kai minti biyu, ka kai biyar, kana barinsa yana tafiya daga wannan hannu zuwa wancan. Ka zauna a ƙasa duk lokacin da kake wannan, saboda faɗowa daga tsayin mutum tana karya masa ƙashi. Kada ka ɗaga shi ta wutsiya, domin tasa ba irin ta ƙadangare ba ce mai tsinkewa ta sake tsirowa, kuma kada ka kai shi kusa da fuskarka ko ka ɗora shi a kafaɗa. Ka bar kwana ɗaya bayan ya ci babban abinci kafin ka ɗauke shi, in ba haka ba zai amayar.

Fita daga keji a fara ta a ɗaki rufaffe wanda aka toshe ƙarƙashin ƙofa da bayan kabad da magudanar ruwa. Ka bar ƙofar kejin a buɗe da wani katako da zai taka ya koma idan ya so. Tsakar gida ko bakin titi ba wurin gwaji ba ne, domin damon da ya sha rana ta gaske yakan koma kamar ɗan daji, ga gudu ga faɗa, kuma idan ya faɗa kwata a Agege ko Idi-Araba, ko dai ba za ka sake ganinsa ba ko kuma wani ya riga ka da sanda.

8. Tsabta da cizo

Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da sun nuna alama ba, kuma tana sa mutum gudawa da zazzaɓi. Ka wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada a wanke kwanonsa inda ake wanke na abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya su tsaya a kallo.

Idan ya cije ka, ka sani damo yana kamawa ne ya riƙe, kuma fizgewa ita ce ke yaga nama. Ka sauke shi ƙasa ƙafafunsa su taka, ka saki jikinsa, yawanci zai saki ya gudu. Idan ya ƙi, ka zuba masa ruwan sanyi a kai. Kada ka ɓamɓare bakin da ƙarfe, kuma kada ka doke shi, domin ba ya haɗa duka da laifi, abin da zai riƙe shi ne hannu yana cutarwa. Ka wanke raunin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na mintoci da dama, ka sa aidin, ka je asibiti idan ya yi zurfi ko ya kumbura ko ka daɗe ba ka yi allurar tetanus ba. Washegari ka koma bakin kejin kamar yadda ka saba, amma ka faro daga hantsaki.

9. Idan ya koma baya

Damon da ya saba yakan wayi gari yana huci, kuma yawanci akwai dalili. Lokacin saɓa fatarsa tana damunsa, sai ka ƙara danshi a ramin ka rage taɓawa, kada kuma ka ɓare masa saɓar da hannu sai wadda ta shaƙe yatsa ko ƙarshen wutsiya, ita ma bayan an jiƙa ta da ruwa mai ɗumi. Da rani, wajen Disamba zuwa Fabrairu, wasu sukan rage ci su lafe a rami, domin haka danginsu ke yi a daji har ruwa ya sauka, kuma muddin gindin wutsiyarsa bai rame ba ka bar shi. Sauya wa keji wuri, ko baƙi masu yawa, ko kyanwa da ke hawa saman kejin da dare, duk suna iya jawo hakan. Ka fara auna zafin dutsen, domin ƙwan fitila da ya mutu ko ya raunana shi ne abin da na fi tararwa, sannan ka koma matakin ƙarshe da yake karɓa cikin natsuwa ka sake hawowa daga nan. Idan kuwa ya daina ci da damina, ko idanunsa sun faɗa, ko ƙafafunsa na rawa, ko muƙamuƙinsa ya yi laushi, ka dakatar da horon ka kai shi wurin likitan dabbobi a cikin akwati mai huji da tawul a ƙasa, kuma ka tafi da sabon kashinsa idan akwai.